Burauzar Kuɗi Daban, Ta Kallon Ƙwallo Daban

  

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, wani abu ne da ya faru a layinmu a Monday Market ranar Laraba. Akwai wani dattijo maƙwabcin shagon Babanmu, mai sayar da shadda, mutumin Katsina ne amma ya fi shekara talatin a garin nan. Ya ƙwalla mini kira ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka karanta mini lambar nan, idona ba ya gani." Na ce, "To Baba, lambar mece ce?" Ya ce banki ne suka ce za su rufe masa asusu in bai sabunta bayanansa ba. Da na karɓi wayar sai na ga ya riga ya zuba lambobin katinsa kaf a wani shafi mai tambarin banki, saura lambar sirrin da ake turowa ta tes. A ranar kuma wani abokin cinikinsa na Kusiri ya turo masa kuɗin dila biyu. Wallahi raunin idonsa ne Allah ya sa ya zama sanadin tsirarsa.

Da na bincika wayar, burauza huɗu na samu a ciki. Ɗaya daga cikinsu ban taɓa jin sunanta ba. Wani yaro mai cajin waya ne ya tura masa daga tasa wayar, wai tana saukar da wa'azi da sauri. Ita ce ta cillo masa wancan saƙo a saman waya.

Ga wanda bai sani ba, burauza, wadda wasu malamanmu ke kira manhajar lilo, ita ce ƙofar da kake bi ka shiga shafukan intanet. Da yawa cikinmu muna zaton Google shi ne intanet ɗin. A'a. Google ɗan jagora ne, burauza ita ce motar da ka hau. Yayyenmu da suka yi zamanin kafe suna ba mu labarin Internet Explorer mai shuɗin harafi, da yadda Firefox ta fito a 2004 aka yi ta yayinta, sannan Chrome ta zo a 2008 ta kwashe kasuwar. Ita Internet Explorer ma kamfanin Microsoft ya yi mata ritaya a watan Yunin 2022. Ni dai abin da na buɗe ido na gani shi ne Opera Mini a 'yar Nokia ɗin yayana, yana duba sakamakon wasan Arsenal a ƙarƙashin bargo kada Baba ya gani.

A wancan lokacin ba wanda ya damu da wace burauza ce a wayarsa, domin babu komai a ciki sai ƙwallo da hira. Kuɗi yana cikin aljihu ko ƙarƙashin kanta. A 2013 ma da aka katse layukan waya a Borno lokacin dokar ta-ɓaci, an sha wuya, amma kasuwa ba ta tsaya ba. Yau fa? Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa iyayenmu koyon tiransifa ko suna so ko ba sa so. A watan Fabrairun wannan shekarar kuma gobara ta cinye Monday Market, kowa ya ga yadda dukiyar da aka bari a shago ke zama toka kafin gari ya waye. Sai ambaliyar Alau a Satumbar 2024. Bayan waɗannan, wa zai ga laifin ɗan kasuwar da ya mayar da jarinsa banki? To amma bankin nan yanzu cikin waya yake, ita kuma wayar ta zama kamar butar masallaci. Tun da aka kakkarya turakun wutar lantarki a 2021 muka yi wata da watanni a duhu, muka saba da miƙa wa mai caji waya mu tafi harkarmu. Yaron shago ya ɗauka, ɗa ya ɗauka, jika ya ɗauka ya yi wasa.

Shi ya sa ra'ayina a nan shi ne, duk wanda ke taɓa kuɗi ta waya ya ajiye burauza biyu, kowace da aikinta. Ɗaya ta kuɗi da takardu: biyan kuɗin makaranta, shafin JAMB, neman fasfo, duk inda za ka sa lambar kati. Ɗayar kuma ta labarai da ƙwallo da finafinan Kannywood. Ba a haɗa su, kamar yadda Baba ba ya haɗa kuɗin uwa da na cefane a aljihu ɗaya.

Ta labarai, ni har gobe Opera Mini nake amfani da ita, kuma ba na jin kunya. Yadda take aiki shi ne, in ka nemi shafi, kwamfutocin kamfanin ne ke fara ɗauko shi, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su turo maka. Shi ya sa take buɗe shafi ko da sabis sanda ɗaya ne, irin wanda ake samu a hanyar Gamboru. Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin taimako ba ne, balle ita Chrome ta cire nata tsarin rage cin data tun 2022. Amma mai karatu ka lura da abu ɗaya. A tsarin matsewa mai tsanani, sai an buɗe shafin a can kafin ya iso gare ka, wato akwai ɗan aike tsakaninka da wanda kake magana da shi. Ban ce ɗan aiken ɓarawo ne ba. Na ce dai ba na ba ɗan aike makullin shago, komai amanarsa.

Ta kuɗi kuwa, samari suna ta musu a majalisa, wannan ya ce Chrome, wancan ya ce Brave, wani ya ce Edge. Abin dariya, duk ukun nan, har da Samsung Internet, a kan inji ɗaya aka gina su mai suna Chromium. Kamar Keke Napep ne, fenti ya bambanta. Firefox ce ke da nata injin daban. Don haka ka ɗauki wadda ta yi maka cikin waɗannan sanannun, ba zan yi jayayya da kai ba. Abin da zan yi jayayya a kai biyu ne: daga ina ka samo ta, kuma yaushe rabonka da sabunta ta. Ka sauko da ita da hannunka daga Play Store, kada wani ya tura maka. Sannan ka bar ta ta riƙa sabuntawa. Kusan kowane wata ana fitar da gyara don toshe ramukan da 'yan dandatsa suka gano, mu kuma sai mu kashe sabuntawar wai tana cin data. Ka tsimin naira ɗari biyu, ka bar ƙofar shago da ruɓaɓɓen kwaɗo.

Akwai masu son UC Browser saboda saurin saukar da fim. Su dai sani cewa gwamnatin Indiya ta haramta ta a 2020 tare da TikTok da wasu manhajojin Sin, bisa dalilin tsaron bayanai. Wasu sun ce siyasa ce tsakanin ƙasashen biyu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ko ma mene ne, ni ba zan sa lambar kati a cikinta ba.

Na san wani zai ce, ai ni manhajar banki nake amfani da ita ko lambobin da ake dannawa, ina ruwana da burauza? Gaskiya ne, kuma ya fi ma. Sai dai ranar da ɗanka zai cike takardar jami'a, ko wani ya turo maka rariya ta WhatsApp ka taɓa, burauza ce za ta buɗe. Wani kuma zai ce wayarsa ƙarama ce, ba ta da wurin ɗaukar biyu. Wannan uzuri ne na gaske. In haka ne, ka bar wadda ake sabuntawa, ka haƙura da ɗayar.

Abu na ƙarshe da ke ruɗar mutane shi ne hoton ɗan kwaɗon nan da ke gefen adireshi. An daɗe ana cewa in ka gan shi shafin na kirki ne. Ba haka ba ne, 'yan damfara ma suna da shi. Abin da yake nufi kawai shi ne ba mai leƙen hanya tsakaninka da shafin. Saboda wannan rashin fahimta ne ma Chrome ta sauya hoton a 2023. Adireshin za ka karanta harafi bayan harafi. Na hukumomin gwamnatinmu yawanci da gov.ng suke ƙarewa. Kuma in burauza ta tambaye ka ko ta adana maka kalmar sirri a wayar da ke kwana wurin mai caji, ka ce a'a.

Shi dattijon namu, a ranar na raka shi banki aka toshe katin, na goge burauza biyu na bar masa biyu. Na ɓoye ta kuɗi a can shafi na ƙarshe, na sa masa ta labarai a gaba da BBC Hausa a buɗe. Jiya ya sake kira na, wai wa'azin da yake saukewa ya daina sauri, in zo in dawo masa da waccan ta yaron nan. Na ce masa, "Baba, sai dai ka kai ƙarata wurin Babanmu."