Kada Mu Yi Saurin Cewa Allo Ya Ƙone

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina bisa wani abu da ya same ni sa'ad da muka fita gwajin koyarwa.

An ba ni ajin yara arba'in. Na ɗauki ɗan allon nan Arduino Uno don in nuna musu yadda ake umartar fitila ta riƙa kamawa tana mutuwa. Ga wanda bai sani ba, allon yana ɗauke da wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, wadda ake rubuta wa umarni a kwamfuta, a aika mata ta wayar USB. A garin Ivrea na Italiya aka fara yin Arduino cikin 2005, domin ɗalibai irinmu.

Na jona waya, fitilar allo ta kama. Na aika umarni, ya ƙi shiga. Na sake har sau biyar, shiru. Yara suka fara dariya, malamin da ya zo duba ni kuwa yana ta rubutu a littafinsa. Kunya ta kama ni, sai na ce allon ne ya ƙone. Ashe ƙarya na yi masa.

Da maraice wani abokina ya canza wayar kawai, nan take umarni ya shiga. Watau wayar USB ta sosai tana da silli huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na saƙo. Tawa ta caji ce, na wuta kaɗai gare ta. Fitila ta kama, ta ruɗe ni. Lalle laifi tudu ne, na taka nawa na hango na allo.

Tun ran nan na koyi bin abin daki-daki. Da fari a gwada wata waya. Sa'an nan a duba ko an zaɓi sunan allo da ƙofar COM daidai. A zare allon, ƙofar da ta ɓace ita ce tasa. In ba ta fito ba sam, to, allunan araha da yawa suna da guntun CH340, sai an sa wa kwamfuta direbansa. A cire duk abin da aka maƙala a fil na 0 da na 1, gama ta nan saƙo yake bi. A kuma rufe duk wata manhaja da ta riƙe ƙofar. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, kana a wuce gaba.

To, ga ra'ayina. Ya kamata kwalejinmu ta koya mana neman laifi kamar yadda take koya mana rubuta umarni. Malami ya ɓata wani abu da gangan, ya ce mu gano. Wani zai ce ai lokaci ba ya isa. Amma ya tuna, a makarantar ƙauye ba injiniya, malamin aji shi ne mai gyara. In bai iya ba, sai a kulle alluna masu lafiya cikin kabad, kuɗin makaranta ya tafi a banza, yara kuma su tashi suna tsoron abin.

Ina fata malamanmu za su duba wannan magana.