Binciken matsalar barci: matasa su shiga, amma su karanta takardar kafin sa hannu

A fadojin Maraɗi da Damagaram shayi na uku ba ya sauka sai an wuce ƙarfe ɗaya na dare. A lokacin zafi, in aka ɗauke wuta a Yamai, ɗaki kan gagari mai shi har asuba. 'Yan Nijar da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka kuwa da yawansu aikin dare ne ke riƙe da su: gadi, tuƙi, sharar ofisoshi, lodin kaya. Ba kasafai ake ɗaukar wannan rashin barci a matsayin matsalar lafiya ba. Mai minshari abin dariya ne a gida, mai gyangyaɗi da rana a ce masa rago, wanda idonsa ya bushe a ce tunani ya yi masa yawa.

Likitoci ba haka suke kallon abin ba. Akwai cutar da ke sa maƙogwaro ya toshe a cikin barci, numfashi ya tsaya na wasu daƙiƙoƙi, sau da yawa a dare ɗaya, mai ita bai sani ba. Tana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, kuma tana sa gyangyaɗi a kan sitiyari. Duk wanda ya san nisan Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ya san abin da gyangyaɗin direban bas ke nufi. Na'urar da ke hura iska ta hanci don hana wannan toshewa, wani likita ne mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981, kuma a kan marasa lafiyan da suka yarda aka gwada ta.

Shi ya sa tallan da asibitocin jami'o'i ke yi a ƙasashen waje, na neman masu shiga binciken barci, bai kamata 'yan ci-rani su wuce shi kamar ba da su ake ba. Magani da na'ura suna dacewa ne da irin jikin da aka gwada su a kai. Ƙwayar barcin nan zolpidem ta yi kimanin shekaru 20 a kasuwar Amurka kafin hukumar magunguna ta ƙasar ta rage wa mata adadin da rabi a 2013, daga miligiram 10 zuwa 5, domin an gano jikinsu na jinkirin fitar da ita, har wasu su tashi da safe su yi tuƙi tana aiki a jininsu. Wani misalin ya fi kusa. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini tana cikin kayan gwajin barci. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa kuskurenta na ɓoye ƙarancin iska ya kusa ninka uku a kan baƙar fata idan aka kwatanta da farar fata. Matuƙar baƙar fata ba ta cikin ɗakin gwaji, irin wannan kuskure zai ci gaba da fakewa, kuma waɗannan kayan ne dai ake sayowa a kawo asibitocin Nijar.

Tsoron da mutane ke yi ma yana da tushe. A ƙasar Hausa ba a manta da Kano ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, kuma 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi masu bayani ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Turai ma ba ta tsira ba: a Janairun 2016, a birnin Rennes na Faransa, mutum ɗaya ya mutu wasu suka samu lahani a ƙwaƙwalwa wajen gwajin wani sabon magani, ko da yake ba na barci ba ne.

Amma jihar Maraɗi tana da nata labarin. A Madarunfa ne aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, tare da jarirai sama da 3,500, aka wallafa sakamakon a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018. Iyaye mata na ƙauyuka ne suka kai 'ya'yansu, kuma yau yaran wasu ƙasashe na cin moriyar.

Abin da ya kamata matashi ya fara tambaya shi ne wane irin bincike ne. Da yawa daga binciken barci babu shan magani a ciki. Mutum zai kwana a ɗakin gwaji a liƙa masa wayoyi a kai da ƙirji, a ɗauki motsin ƙwaƙwalwa da numfashi, ko a ba shi wani abu kamar agogo ya ɗaura na mako ɗaya ko biyu, ko ya riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi. Haɗarin wannan kaɗan ne, kuma mai minshari na iya samun gwajin da in da kuɗinsa ne zai ji a aljihu. Gwajin sabuwar ƙwaya wani abu ne daban. A can ana iya ba mutum ƙwayar da babu magani a cikinta, shi bai sani ba, sau da yawa likitan ma bai sani ba, don haka wanda ya shiga da niyyar warkewa yana iya fita yadda ya shiga.

Ƙa'idar duniya tun sanarwar Helsinki ta 1964 a fili take: sai da yardar mutum bayan an yi masa bayani. Yana da 'yancin fita ko yaushe ba tare da an hana shi kulawar asibiti ba. Wanda Faransanci ko Ingilishinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, ya tafi da takardar gida a karanta masa. Ya tambayi wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken, wa zai biya in wani abu ya same shi, kuma a hannun wa bayanansa za su zauna.

Inda aka fi samun matsala shi ne kuɗi. Ɗalibin da haya ta matsa, ko wanda 'yan gida ke jiran aikensa, yana iya mayar da jikinsa jari, ya ɓoye cewa yana shan tramol ko diyazefam don kada a cire shi. Wannan ƙarya tana ɓata sakamakon, kuma tana iya kai shi kabari, domin haɗa maganin barci da irin waɗannan ƙwayoyi na danne numfashi. Faransa ta sa iyaka ga abin da mutum zai karɓa a shekara, ta kuma buɗe rajistar ƙasa don hana shiga gwaji biyu a lokaci ɗaya, saboda ta san yunwa na sa a sa hannu ba a karanta ba.

A gida kuma aikin na jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram ne. Ba sai an jira ɗakin gwaji mai tsada ba kafin a fara ƙirga awa nawa direbobin manyan motoci, 'yan kabu-kabu da ma'aikatan jinya ke barci a watan Afrilu.