Zancen Matafiya: Ga Mai Niyyar Hutu a Tsibirin Rodos

A wannan mako filin namu zai ƙetare Bahar Rum ya sauka ƙasar Girka, saboda waɗanda Allah ya hore wa abin hannu, suke kuma da niyyar kai iyali hutu a watannin da 'yan makaranta ke gida. Tsibiran Girka da mutane ke zaune a kansu sun haura ɗari, amma in ana neman shawarata, Rodos zan nuna wa mutumin ƙasarmu. Tsibiri ne babba, tsawonsa wajen kilomita 80, yana da birni da asibiti da filin jirgin sama, kana yana da abin da galibin 'yan'uwansa ba su da shi, watau masallacin da ake salla a cikinsa.

Dalilin haka yana cikin tarihi. A shekarar 1522 Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya ƙwace tsibirin daga hannun mayaƙan Kirista waɗanda suka gina ganuwar da har yau take kewaye da tsohon birnin. Turkawa suka riƙe shi har 1912, sa'ad da Italiya ta karɓe. To, da Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a a 1923, aka kwashe Musulmi daga tsibiran Girka, abin bai shafi na Rodos ba, domin a lokacin ƙarƙashin Italiya suke. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, aka miƙa tsibirin ga Girka. Zuriyar waɗannan Musulmi suna nan, 'yan dubbai, kuma masallacin Ibrahim Pasha da ke cikin tsohon birni, ginin ƙarni na 16, shi ne wanda baƙo zai nema. In kuwa a ɗakin otel za ka yi salla, kada ka fuskanci gabas yadda muka saba, alƙiblar can kudu maso gabas take.

Amma tafiyar nan daga takarda take farawa. Girka tana cikin ƙasashen Turai masu biza guda, wadda ake kira Shengen, ofishin jakadancinta kuwa yana Abuja. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, ana kuma neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfo wanda zai ƙara aƙalla wata 3 bayan ranar komowarka. Doka ta yarda a miƙa takardu tun ana saura wata 6, saboda haka wanda ya zauna sai an rufe makarantu sa'an nan ya fara neman layi, shi ya so wa kansa.

Ga inda nake so mai karatu ya buɗe kunne da kyau. Rodos tana daf da Turkiyya, tsakaninta da gaɓar bai kai kilomita 20 ba, kuma a bakin tashar jiragen ruwa za ka ga allunan masu tallar yawon yini guda zuwa garin Marmaris, tafiyar kamar sa'a ɗaya. Farashin da sauƙi, masu tallar kuwa da zaƙin baki. Baturen Jamus ko na Faransa ya shiga ya dawo da yamma ba abin da ya dame shi. Kai kuwa mai koren fasfo, da zarar ka wuce shingen fita, ka bar yankin Shengen ke nan. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, wadda aka rubuta wa lamba 01, ta mutu a nan take, ba za a bar ka ka komo ba, alhali kayanka suna otel, tikitin komawarka gida kuma daga Girka zai tashi. Ban da wannan ma, ita Turkiyya tana da tata bizar dabam. Wanda ke marmarin hawa jirgin ruwa ya tafi Simi, wani ɗan tsibiri kyakkyawa da ke kusa, wanda yake cikin Girka, ya dawo hankali kwance.

Zuwa Rodos ɗin kanta, sai an ya da zango, ko a Istanbul ko a Alƙahira, a sauka Atina babban birni. Daga can jirgin sama sa'a guda ne, na ruwa kuwa daga tashar Pireyas yakan cinye dare har da wani sashi na yini. Mai ƙananan yara ya hau na sama kawai.

Sai batun lokaci. Watannin Yuli da Agusta, da muke tsakiyar damina, su ne tsananin bazararsu. Ba ruwan sama, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare a tsakiyar Yuli, kuma kada wani ya ce shi ɗan Sakkwato ne, zafin Turai bai isa ya ba shi tsoro ba. A gida mutum inuwa yake nema da azahar, a can kuwa kuɗin da ya kashe ne ke tura shi hawan dutse da tsakar rana don kada wani abin kallo ya wuce shi. Garin Lindos, mai nisan kilomita 50 daga birni, yana cikin wuraren da suka fi zafi, kufan da ake zuwa gani kuma a kan tsauni yake. A je da sassafe, a riƙe gorar ruwa. Bushewar nan ita ke haddasa gobarar daji. A watan Yulin 2023 wuta ta kama kudancin tsibirin har aka kwashe mutane kimanin 19,000 daga ƙauyuka da otel-otel. Hukuma takan aika gargaɗi ta wayar hannu daga lamba 112, wadda ita ce kuma lambar neman agaji. In saƙon ya shigo a bi shi, ban da gardama. Wanda hutunsa ke hannunsa, Yuni ko Satumba sun fi, ga sauƙin zafi ga sauƙin kuɗin masauki. Makon 15 ga Agusta kuwa, lokacin babban bikin cocinsu, Girkawa da kansu suke cika ko'ina.

Akwai wata iska da suke kira meltemi, busasshiya kamar ta hunturunmu sai dai ba ƙura, ita ce ta raba tsibirin gida biyu. Gaɓar yamma, wajen Iksiya, tana shan iska, da sanyi-sanyi amma teku na da igiyoyi. Gaɓar gabas, wajen Faliraki da Tsambika, ruwan a kwance yake, ga yashi, sai dai zafi. Mai yara, da wanda iyonsa bai wuce na kududdufi ba, gabas ta fi masa, kuma a duba taswira kafin a biya kuɗin otel.

Wajen abinci a yi tambaya. Naman nan da ake gasawa a tsaye ana yankawa cikin gurasa, wanda suke kira giros, galibi na alade ne, haka ma tsirensu. Kalmomi huɗu sun isa: hirino alade, kotopulo kaza, arni rago, psari kifi. Wasu miyar naman da giya ake dafa su. Kifi kuwa da kilo ake sayar da shi a gidajen abinci, sai a auna a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta.

Mu mutane ne masu hira da ɗaga murya, to a sani daga ƙarfe 3 zuwa 5 da rabi na yamma lokacin hutawa ne bisa doka, maƙwabci na iya kiran 'yan sanda. Kada kuma a ɗauki hoton barikin soja, domin bakin iyaka ne, ba su wasa da wannan. Mai son hayar mota ya tafi da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, hannun dama suke bi kamar yadda muke yi tun 1972. Kuɗinsu Yuro ne, kuma otel zai karɓi wani haraji na kowane dare wanda sau da yawa ba ya cikin abin da ka biya tun daga gida, sai a ware masa wani abu a aljihu.