SHARHI: An Raba Keken Ɗinki, Wa Zai Gyara Shi?

Da wuya a yi taron rabon tallafi a Arewacin Najeriya ba a ga kekunan ɗinki jere a gaban rumfar manyan baƙi ba. Ɗan majalisa ya raba, shugaban ƙaramar hukuma ya raba, uwargidan gwamna ma ta raba. A ɗauki hoto, a yi tafi, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika bibiya ba shi ne halin da keken ke shiga bayan watanni, ranar da ya fara tsinka zare ko tsallake ɗinki, mai shi kuma bai san ta inda zai taɓa shi ba. A nan ne ake gane ko tallafin ya zama sana'a ko ya zama kayan ajiya a lungun ɗaki.

Abin takaicin shi ne, mafi yawan abin da ke tsayar da keke ƙaramin abu ne, wanda tela zai iya magancewa da hannunsa cikin mintoci idan an taɓa nuna masa.

Ƙananan cututtuka, saukin magani

Ɗauki misalin zaren da ke cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi. Sabon tela yakan zargi kwarkwaro ko ƙoshiya, tun da a ƙasa ɓarnar ta bayyana. Sau da yawa kuwa laifin na zaren sama ne. Idan aka zura zare alhali ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, zaren ba ya shiga tsakanin faifan nan biyu da ke matse shi, sai ya tafi sakaka ya taru a ƙasa. Maganin shi ne a ɗaga ƙafar, a zare zaren gaba ɗaya, a sake zura shi daga farko.

Tsallaken ɗinki kuma yawanci daga allura yake. Ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko ba a tura ta ta kai maƙura ba, ko an juya fuskarta ba daidai ba. Allura tana da lamba: 11 ta yadi mara nauyi ce, 14 ta matsakaici, 16 da 18 na yadi mai kauri. Wanda ya tunkari shadda mai tauri da siririyar allura, ko ya sa allurar keken gida a keken masana'anta, shi ya gayyato karyewar allura da tsinkewar zare.

Sai ƙura da burbushin yadi da ke taruwa a tsakanin haƙoran da ke jan yadi da kewayen ƙoshiya, musamman lokacin hunturu. Ƙaramin buroshi da ɗigon man keke sun isa. Amma man gyaɗa ko man girki, da wasu ke ɗigawa saboda tsadar na ainihi, yakan daskare ya zama danƙo, ya riƙe ƙarafan da aka so a sassauta.

Akwai gyaran da ya fi ƙarfin tela. Idan haɗuwar allura da ƙugiyar da ke kama zarenta ta goce, sai an sami makanikin da ya san saiti. Haka ma injin surfani na kwamfuta, irin su Tajima da Brother da takwarorinsu na ƙasar Sin, da ake yi wa manyan riguna da kaftani aiki da su. Wasu matsalolinsa masu sauƙi ne: yadin da ba a ɗaure shi tamau a zobe ba yakan tattare, rashin shimfiɗa abin tallafe yadi a ƙasa yakan karkatar da zane, zanen da aka cika wa ɗinki a wuri guda kuma yakan yawaita tsinka zare. Amma idan allon lantarkin injin ya ƙone, an bar maganar buroshi da mai, an shiga maganar kuɗi masu nauyi.

Inda siyasa ta shigo shagon tela

Kusan duk abin da ke jikin keke daga waje ake shigo da shi. Butterfly daga Sin yake, Juki daga Japan, allura da ƙoshiya da bel da mota ma yawancinsu sai an tsallako teku da su. Farashinsu yana bin dala. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance kan kusan naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ma'ana, sakacin da a da yake jawo asarar ɗan canji, yanzu yana iya cinye ribar mako guda.

Wutar lantarki ita ce ta biyu. Janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya tsawwala kuɗin tayar da janareta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. A watan Oktoban shekarar kuma, yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Mai keken ƙafa ya ci gaba da taka kekensa. Mai injin surfani kuwa ya koma kan janareta, kuma wutar da ke hawa da sauka tana daga cikin manyan abubuwan da ke ƙona allon lantarki. Na'urar daidaita ƙarfin wuta tana rage haɗarin, sai dai ita ma da dala ake sayo ta.

Haɗa wannan da makonnin da ke gaban Sallah, lokacin da yadin da aka sayo a Kantin Kwari ke cika shaguna, teloli suna kwana a kan keke. Keken da ya tsaya yini biyu a wannan tsakani yana nufin alƙawarin da aka saɓa, da mai kaya da ba zai dawo ba. Sau da yawa ana kiran tela maƙaryaci, alhali ƙoshiya ce ta ci amanarsa.

Abin da ya kamata a tambaya

Najeriya ba ta rasa hukumomin koyar da sana'a ba. Akwai ITF tun 1971, akwai NDE, akwai SMEDAN, ga kwalejojin fasaha na jihohi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaukar gyara a matsayin ɓangaren sana'ar. Rabon keke yana da hoto, yana da rana, yana da sunan mai bayarwa. Koya wa mutum saita zare ba shi da ko ɗaya daga ciki, shi ya sa ba ya burge ɗan siyasa.

Duk shirin da zai raba keke ya dace ya haɗa da horo na 'yan kwanaki kan kula da shi, da ɗan littafin bayani cikin Hausa, da allurai da mai na farawa. Ya dace kuma a horar da matasa gyaran injinan kwamfuta, domin wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma matan da ke ɗinki a cikin gida, waɗanda ɗaukar keke zuwa kasuwa ke yi musu wuya, su ne suka fi buƙatar makaniki a unguwa.

Ga matasan da ke bin diddigin ayyukan mazaɓu, adadin kekunan da aka raba ba ya gamsarwa shi kaɗai. A nemi sanin nawa aka sayi kowanne, wa ya karɓa, kuma nawa ne ke aiki bayan shekara guda. Wakilin da ya yi rabon don jama'a ba zai ji nauyin amsa waɗannan tambayoyi ba.