FILIN MAHARBA: GAMMON BINDIGAR ISKA

Jama'ar Zango, yau maganarmu a kan harbin tebur ce, watau wasan nan da maharbi ke zaunawa ya ɗora bindigar iska bisa matokari, ya auna takarda daga nisan mita 25. Samarinmu na Bronx da dama sun shiga sha'awarsa, suna ta tambaya wane matokari ya kamata su saya.

Kafin mu je can, ga gargaɗi. Dokar birnin Niyu Yok, sashe na 10-131, ta hana mutum ajiye bindigar iska a cikin gari, ko da a ƙarƙashin gado ne. Dokar jiha kuma ta tsananta a kan yaron da bai kai shekara 16 ba. Niyu Jasi kuwa lissafa ta su ke yi cikin bindigogin gaske, sai da takarda. Saboda haka mai son wasan nan sai ya nemi kulob a bayan gari, wajen Westchester ko Long Island, ya tambayi ƙa'idarsu, ya bar bindigar can. Kada ɗan mutunci ya kwana hannun 'yan sanda saboda wasa.

To, matokari iri uku ne. Akwai jakar yashi, akwai ƙarfe mai ƙafa uku wanda a ke ɗagawa a sauke da sukuru, akwai kuma doguwar shimfiɗa guda mai riƙe bindiga gaba da baya, irin Lead Sled na Caldwell. Wannan na ƙarshe ya fi ɗaukar ido a kanti, amma an yi shi ne domin manyan bindigogi masu naushin kafaɗa, kuma a yawancin gasa ba a yarda a haɗa matokarin gaba da na baya ba. Kuɗin banza ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin bindigarka. Mai sifirin, in an ja kunama, sai ta zabura baya, ta sāke zabura gaba, alhali harsashi bai fita ba tukuna. Ka ɗora ta kan ƙarfe ko yashi mai tauri, sai ta yi tsalle, harsasai su watse kamar an zuba wa kaji tsaba. Maganinta a ɗora hannu bisa jaka, a kwantar da ita a tafin hannu sako-sako, kullum a wuri ɗaya. Wadda a ke ɗura wa iska da famfo ko tulu ba ta da wannan rawar jiki, ita ce ta cancanci ƙarfe mai ƙafa uku.

Takardar gasa tana da da'ira 25, harbi ɗaya ga kowace, maki 250 ne iyaka. Sau 25 ke nan za ka juya bakin bindiga, don haka duba ko sukurun matokari na tafiya sumul, ko ƙafafunsa na girgiza, kuma ko gammon saman ya dace da faɗin katakon bindigarka. Mai sanda guda irin na SEB, da a ke ƙerawa a Indunusiya, yana da daɗin aiki ƙwarai, sai dai tsadarsa ta fi ta bindigogi da yawa.

A ganinmu, sabon shiga ya fara da jakar baya ta fata mai kunne biyu, domin ita ce ke riƙe gindin bindiga, ita ce kuma mutane suka fi rainawa. A cika ta da busasshen yashi, amma kada a danƙare ta kamar dutse. Waɗansu suna zuba shinkafa don sauƙin ɗauka. Mu dai mun san ɓerayen garin nan.