Tsintuwa Sai da Cigiya: Muryar 'Yar Talla Tana da Mai Ita

Akwai wata sana'a da ke ƙara bunƙasa a duniyar kiɗa, wadda da yawanmu ba mu san da ita ba, alhali da mu ake yin ta. Mutum zai rataya na'urar naɗar sauti, ya shiga kasuwa ko tashar mota ko bakin kogi, ya tsaya shiru yana kwasar duk abin da kunne ke ji. In ya koma gida sai ya zuba a kwamfuta, ya yanyanka, ya ja wannan ya yi tsawo, ya maimaita wancan har ya ba da kari, ya shimfiɗa ganga da fiyano a ƙarƙashi, sai ga sabon kiɗa. Masu sana'ar suna kiran kayan aikinsu da wani suna da ke nufin sautin tsintuwa. To, a kan kalmar nan ta tsintuwa nake da magana, domin a wurinmu tsintuwa tana da hukunci. Wanda ya tsinci akuya ko jakar kuɗi a hanya cigiya yake yi, a kasuwa da ƙofar masallaci, har mai abu ya fito. Wanda ya kai gida ya yi shiru, kowa ya san sunan da ake kiran sa da shi.

Kada wani ya ɗauka ƙin fasahar nake yi. Fasaha ce mai daɗi, kuma ta daɗe. A 1948 wani injiniyan rediyo Bafaranshe, Pierre Schaeffer, ya je tashar jirgin ƙasa a Paris ya naɗi hucin jirage da ƙarar ƙafafunsu a kan dogo, ya harhaɗa su suka zama kiɗa. A 1970 Luc Ferrari ya fitar da wani aiki na kimanin minti 20 da ya gina da wayewar gari a wani ƙauyen masunta mai suna Vela Luka, a ƙasar da yau ake kira Kuroshiya. Yanzu akwai shiri irin su Cities and Memory, wanda wani Bature ɗan Ingila, Stuart Fowkes, ya kafa: taswirar duniya ce a intanet, kowane wuri da sauti biyu, na asali da wanda wani makaɗi ya sake sarrafawa, daga ƙasashe sama da 100. A Legas kuma Emeka Ogboh ya shafe shekaru yana naɗar kiraye-kirayen kwandastocin danfo da hayaniyar tashoshi, har ya fitar da faifai da su a 2021. Wanda ya saurari waɗannan ayyuka zai fita titin unguwarsu da sabon kunne.

Matsalar ita ce jirgin ƙasan Schaeffer ba ya da uwa ba ya da uba, ba ya kuma jin yunwa. Kasuwa kuwa mutane ce. Idan aka ce an naɗi "sautin kasuwar Katako" a Yamai, ko "sautin Kasuwar Dole" a Damagaram, ko "safiya a Nima" ta Akara, me ke cikin faifan? Yarinya ce mai tallan fura da ta ƙirƙiro salon kiranta don ya bambanta da na maƙwabciyarta. Ɗan kamasho ne da ya shekara ashirin yana goge maƙogwaronsa da sunayen garuruwa. Maƙeri ne da yaronsa suna karɓa-karɓa da guduma, mata ne suna lugude a bayan katanga, makaho ne da ɗan jagoransa suna amshi. Kowannensu gwani ne a abin da yake yi, kuma gwanintar nan ce ta sa mai na'ura ya tsaya a nan bai tsaya a bakin bola ba. Sai a tattara su duka a sa musu suna ɗaya, wai amon wuri, kamar iska ce ke kaɗa ganye.

Dokar haƙƙin mallaka, yadda take a mafi yawan ƙasashe, tana taimaka wa wannan. Sautin da aka naɗa mallakar wanda ya naɗa ne ko kamfanin da ya ɗauki nauyi. Kiran talla kuwa babu wanda ya rubuta shi, babu wanda ya yi masa rajista, don haka a idon ofis kamar babu mawallafi. Daga nan mai na'ura yana iya ɗora faifan a rumbu irin su Freesound, ya ce ya yafe haƙƙinsa, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama. Kyauta ce mai kyau, amma da kayan wa aka yi ta? Shi ya yafe nasa, ita mai furar ba a tambaye ta ba.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai, ya dubi abin da ya faru da Afunakwa. Mace ce daga tsibirin Malaita a tsibiran Solomon. Wani masanin kiɗa, Hugo Zemp, ya naɗi muryarta tana waƙar lallashin yaro, UNESCO ta fitar a faifai a 1973, aka ajiye don masu bincike. A 1992 wasu Faransawa biyu da ke kiran kansu Deep Forest suka ɗauki muryar, suka sa mata kiɗan rawa, suka kira waƙar Sweet Lullaby. Faifan ya sayu miliyoyi, manyan kamfanoni suka yi talla da shi, sunan matar bai fito ba. Abin bai tsaya nan ba. A 1996 mabushin Norway Jan Garbarek ya sake busa karin, ya rubuta cewa waƙar gargajiya ce ta mutanen dajin Afirka. Daga Malaita zuwa Afirka ta Tsakiya akwai rabin duniya. Da aka cire suna, sai ƙasa ma ta ɓace. Zemp ya yi rubutu yana ƙorafi, amma rubutun masani ba ya cika tukunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka aka yi wa wani dattijo manomi ɗan ƙabilar Amis a Taiwan, Difang, da matarsa Igay. An naɗi muryarsu a Faransa a 1988, sai ga ta cikin waƙar Return to Innocence ta Enigma, har aka yi amfani da ita wajen tallata wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Su dai sun samu masu tsaya musu, aka shigar da ƙara, aka sasanta a wajen kotu a 1999, aka fara rubuta sunansu. Ka tambayi kanka: 'yar tallan Maraɗi wa zai kai mata ƙara Amurka?

Wani zai ce ai waɗannan waƙoƙi ne, mu maganar hayaniyar wuri muke yi. To ga na wuri. A 1975 James Koetting ya naɗi ma'aikatan gidan waya na Jami'ar Gana suna buga hatimi a kan wasiƙu. Suna aiki ne kawai, amma sun mayar da bugun hatimi da ƙarar almakashi da fito sun zama kiɗa mai tsari. Shekara da shekaru ana saka wa ɗalibai wannan faifai a jami'o'in Amurka, ya kuma zaga intanet. Sunan da ya shahara da shi shi ne "ma'aikatan gidan waya suna soke kan sarki". Duniya ta san sunan mai na'ura da shekarar da ya danna maɓalli, su kuma makaɗan an san su da sunan aikinsu.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. A 1981 Brian Eno da David Byrne sun fitar da faifai mai ɗauke da wani kiɗa da suka gina a kan karatun Alƙur'ani na wasu mutanen Aljeriya. Sai da wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta yi ƙorafi sannan aka cire shi daga bugun da suka biyo baya. Duk wanda ya kafa makirufo da asuba a Agadas ko a zangon Kumasi ko a unguwar Briqueterie ta Yawunde, kiran salla da karatun almajirai za su shiga na'urarsa ko yana so ko ba ya so. Idan faifan ya faɗa hannun wani yaro a Berlin da bai san abin da ake faɗa ba, shi daɗin muryar kawai ya ji, zai ɗora mata ganga a yi rawa. Wanda ya naɗa ne ya kamata ya rubuta cewa wannan yankin ba na taɓawa ba ne. In bai san harshen ba, sai ya tambayi mai ɗaki, shi ya san inda yake yoyo.

Na san amsoshin da ake bayarwa. Ta farko: kasuwa wurin kowa ce, ba za a bi mutum dubu ana neman izini ba. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a nemi izinin gunagunin taro. Amma mai sarrafa kiɗa ba gunaguni yake nema ba. Yana saurare ne har ya ji murya ɗaya da ta fita daban, ya yanko ta, ya maimaita ta sau hamsin, ta zama amshin waƙarsa. Muryar da ta fito fili har aka iya yanko ta daga cikin dubu, mai ita ma za a iya samo ta. Mai fura ba ta ƙaura; gobe tana nan a inuwar da ka bar ta. Duk kasuwa tana da sarkin kasuwa, duk tasha tana da shugaban 'yan kamasho. Cigiyar ba ta fi yini guda ba.

Ta biyu: ai babu kuɗi a wannan harka, yawancin masu yi don sha'awa suke yi. Wannan ma gaskiya ne. To in babu kuɗi, rubuta suna nawa zai ci? Muryar Afunakwa ta yi kusan shekara 20 a kan kanta ba ta kawo ko sisi ba, rana ɗaya ta zama dukiya. Ranar da kuɗin suka zo, sunan da aka rubuta tun farko shi ne kaɗai hanyar da za su bi su isa gidan mai su.

Ta uku ita ce wadda ta fi zafi: ku Hausawa da kuka shekara kuna kwashe karin waƙoƙin Indiya kuna zuba wa finafinanku, wa za ku yi wa wa'azi? Wannan tuhuma tana da ƙafa. Har ma akwai wadda ta fi ta muni. Yaranmu na TikTok suna ɗaukar muryar tsohuwa tana faɗa, ko ta mai taɓin hankali yana sambatu a titi, su sa mata kiɗa, gari ya kwana yana dariya, iyalan mutumin kuma su kasa fita. Baƙon da ya zo da na'ura mai tsada aƙalla yana ganin darajar abin da ya ɗauka. Don haka ƙa'idar da nake kira a kai ta hau kan ɗan gida kafin ta hau kan baƙo.

Kuma ana iya yin abin daidai, an ma yi. Direbobin unguwar La a Akara suna da kiɗan da suke yi da tsofaffin hon na roba, suna raka gawar abokan sana'arsu da shi. Steven Feld ya naɗe su, faifan ya fito a 2007 da sunan ƙungiyarsu a gabansa. Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, yawancinsu babu ko sunan mawaƙi. Kafin ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, ya bi sawun masu waƙoƙin don a biya su, kuma ta wannan hanya ce duniya ta fara jin Mdou Moctar na Nijar. Wannan ita ce cigiya, kuma ba ta hana faifan sayuwa ba.

Saura laifinmu na sakaci. Garuruwanmu suna canza murya muna kallo. Injin niƙa ya kusa kashe lugude. A 2013 aka hana acaɓa a Kano, amon birni guda ya sauya cikin 'yan kwanaki. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012, ta tafi da kiraye-kirayenta. Wa ya naɗa mana su? Kowane saurayi yana da na'urar naɗar sauti a aljihunsa, amma makaɗan sutudiyonmu har yau ganga ɗaya suke dannawa a fiyano, alhali mabugan shuni na Kano suna ba da karin da babu injin da ya zo da shi. Idan ba mu naɗa ba, wani zai zo ya naɗa, jikokinmu su nemi izini a wani ɗakin ajiya na Turai kafin su ji yadda kakarsu ke tallan fura.

Abin da nake nema ba ya da yawa. Mai naɗa ya faɗa wa mutane yana naɗa, kada ya ɓoye makirufo a hula. Duk muryar da ta fita daban a rubuta sunan mai ita, in ta yarda, da wurin da ranar. In ta ƙi, a goge. A bar kwafi a garin, a gidan rediyo ko ɗakin karatu. In kuɗi suka shigo, a san kason mai murya tun kafin su shigo. Hukumomin haƙƙin mallaka kamar BNDA a Nijar da GHAMRO a Gana su fara tunanin yadda za su buɗe rajista ga irin waɗannan mutane, gidajen rediyonmu kuma su tura yaransu kasuwa da na'ura ko sau ɗaya a wata. Kai kuma mai karatu, in ka ga wani ya miƙa makirufo wajen tiren ƙanwarka, ka gaishe shi da mutunci, sannan ka tambaye shi sunansa da inda zai kai muryar.