Icce ya dawo gonakinmu, amma gaggawar shanya na cinye ribar

Kaka ta wuce, hunturu ya shigo, lokacin gini da bukukuwan aure ya zo. Daga Tasawa har Mayahi, kafintoci ba su da hutu: gadon amarya, ƙofa, taga, teburan lakkwal. Sai dai kukan da muke ji kowace shekara shi ne, kaya ba ya wata 3 sai ya tsage ko ya karkace. Nan da nan a ce kafinta ne bai iya ba. To, sau da yawa matsalar tun daga wurin shanya take.

Ɗanyen icce cike yake da ruwa. Yana fara tsukewa ne idan ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100. In iskar hunturu ta busar da bayansa alhali cikinsa na jiƙe, dole ya tsage. Kuma kowane icce da saurinsa. Gao ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, amma ƙwari na son shi. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, ƙarfi gare ta, sai a hankali take sakin ruwa. Turare kuwa gwanin murɗewa ne. In aka tara su tsibi guda a rana, kafin kirya ta bushe turare ya lalace.

Shi ya sa a ƙasashen da ake busar da katako cikin ɗakin zafi na inji, ake ware shi iri-iri, kauri-kauri. In ta kama dole a haɗa, to da saurin mafi jinkirin ake tafiya. Mu ba mu da injin, amma ƙa'idar ɗaya ce: a shanya a inuwa, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, a sa ƴan sanduna tsakanin katako iska ta ratsa, a shafe bakunan da fenti, a danne saman da nauyi.

Me ya sa maganar ta dame mu yanzu? Tun daga shekarun 1980 manoman jahar Maradi suka rungumi sassaben zamani, aikin da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka sake tashi a Nijar. Dokar 2020 kuma ta ƙarfafa haƙƙin manomi kan iccen da ya rena, ko da yake sara na buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji. Sannan rufe iyaka da Najeriya daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya nuna mana haɗarin dogaro da katakon waje kaɗai. Shi ma katakon kudu ba koyaushe yake zuwa a bushe ba.

Iccen da manomi ya rena shekara da shekaru bai kamata ya ƙare a murhu ba saboda an ƙi yi masa haƙurin ƴan watanni. Ya kamata ƙungiyoyin kafintoci da magadan gari su duba yiwuwar kafa rumfunan shanya a kasuwanni.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya, masu aiko kuɗin kayan ɗaki: ku aiko da wuri, kada sai biki ya rage sati 2. Ku tambayi kafinta wane icce ne, kuma yaushe aka sare shi. Amsar ita za ta gaya muku ko gadon zai kai damina.